Baba Sanda Mai Mazarƙwaila da Sharar Raufu

Ka san minti nawa ne tsakanin mazarƙwaila mai kyau da ƙonanniya? Ni na auna da agogon hannuna, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Huɗu ne. Ruwan rake zai shafe awa uku da 'yan kai yana tafasa a kasko, ana kwashe kumfa ana tura wuta, sai can ya yi kauri ya fara ɓulɓul kamar talge. Daga nan in ka sauke da wuri ba za ta daskare ba, in ka ƙara minti huɗu ta yi baƙi ta yi ɗaci, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta lasa. Mutumin da na ga ya fi kowa sanin waɗannan mintoci bai taɓa ɗaura agogo ba. Surukina ne, Baba Sanda na Tudun Kaba, wani ɗan ƙauye da ke bakin fadama a ƙasar Danja.

Ni sunana Hussaini. A 1976 aka turo ni Danja malamin gona, zamanin da aikin gona na Funtua ke raba taki da iri, aka ba kowannenmu babur da igiyar awo da littafi. Aikin ya zo daidai da halina, don ni tun ina ƙarami komai sai na ƙirga. Mahaifiyata takan ce har lomar tuwo ba ta tsira ba. Manoma ɗari biyu da sittin da uku ne a hannuna, ƙauyuka tara. Tudun Kaba ne na bakwai a jerin, amma can na fi zuwa, kuma ba don taki ba.

In aka fara saran rake, tun daga kan tudu za ka jiyo ƙamshin. Injin matsa na ƙarfe a tsakiyar fili, dogon itace a kansa, doki na zagayawa da shi daga hantsi zuwa la'asar, ruwan rake na zuba a garwa kore-kore. Gefe guda murhu ne da aka haƙa a ƙasa, babban kasko a kai, ana hura shi da busasshiyar tukar raken jiya. Mata na jera 'yan kwanonin da ake zubawa ta daskare, ƙudan zuma na damun kowa, 'yan sari daga Funtua da Malumfashi na zaune a inuwar giginya suna jira suna gardama. Wanda bai taɓa lasar ƙanzon kasko da zafinsa a wannan fili ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Na ƙirga: zagaye ɗari huɗu da ashirin dokin ke yi kafin a cika kasko guda, kasko guda kuma kwano casa'in da shida yake bayarwa in rake ya nuna sosai. A tsakiyar wannan duka Baba Sanda yake tsaye da ludayinsa mai dogon hannu. Ba ya zama, ba ya hira, hancinsa ne agogonsa. Sai dai ka ji ya ce, "Janye wuta." Shi ke nan.

Bagobiri ne, da zanensa a kumatu. Yana goye aka zo da shi daga ƙasar Gobir wata shekarar yunwa, ubansa ya zo cin rani ya ga fadama ya ƙi komawa. Ya yi dakon rake, ya yi korar doki, ya yi turin wuta shekara bakwai kafin a yarda ya riƙe ludayi. Injin ba nasa ba ne, dokin ma ba nasa ba ne. Masu rake ke layi su ɗauke shi, wani tun damina yake kai masa goro don kada a riga shi. Ya taɓa gaya wa wani, ina ji, cewa a shekara talatin da ɗaya kasko biyu ya ƙona: ɗaya ranar da aka zo masa da rasuwar mahaifiyarsa, ɗaya ranar da kunama ta harbe shi.

Na auri 'yarsa Hansai da kakar 1977. Daga ranar kuwa bakina ya mutu a gabansa. In na hango shi tun daga nesa nake kashe babur, in cire takalmi, in tsuguna.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, Malam. Ya aiki?"

"Da godiya."

"Madalla."

Iyakar hirarmu ke nan, kalma goma sha ɗaya. Ba na ci a gabansa, ba ya ci a gabana, ba ma haɗa ido. Haka muka tarar, haka muka yi, kuma ban taɓa ganin aibin abin ba sai da ciwo ya zo.

Mutum ɗaya ne a duniya ke yi wa Baba Sanda magana yadda ya ga dama. Alhaji Raufu, Bayaraben Offa da ya girma a Funtua, mai shagon kayan ƙarfe kusa da tashar jirgi, shi ke gyara haƙoran injin rake a yankin kaf. Ka san wasan Gobirawa da Yarbawa, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. In akori-kurarsa ta tsaya, tun bai fito ba yake ƙwala kira:

"Ina bawan nan nawa da kyanwa ta yakushe?"

Baba Sanda ko juyowa ba ya yi. "Ku ɓoye barkono, ɓarawonsa ya iso."

"Zo ka ɗauki jakata, ɗan Gobir."

"In na taɓa jakarka sai na wanke hannu sau bakwai. Manja ne har a maɓalli."

A nan kaɗai nake ganin haƙoran surukina. Suna da wata doka tasu ta watan cika-ciki, lokacin da abokan wasa ke karɓar shara a hannun juna: ranar goma ga wata, wanda ya riga kama hannun ɗan'uwansa shi ne ubangida na shekara, abin da ya yanka kuma sai an ba shi. Raufu mazarƙwaila yake yankawa. Baba Sanda kwalbar manja, don ya samu abin zagi har wata shekara.

Da ranin 1978 na fara lura. Ina zaune a gindin giginya ina cika littafina, sai na ga Baba ya miƙa wa mai turin wuta ludayi, ya ɗauki buta ya shige bayan rake. Ba abin magana ba ne. Amma hannuna ya riga ya saba, sai na ja ɗan layi a gefen takarda. Kafin a sauke kaskon, layi uku. Shekara ta zagayo, layi ya koma shida, bakwai a kasko guda. Ba yawan zuwan ne ya fi damuna ba, daɗewar ce: mutum ya tafi kama ruwa ya yi minti goma sha biyu, ya dawo yana gumi, bai kai rabin awa ba ya sake ɗaukar buta. Abin kuma ba ya sallama. In ya matso shi, ko kasko na kan gaɓa sai ya tafi. Goma sha biyu kuwa ta ninka huɗu sau uku. A ranin da ya biyo baya kasko goma sha tara ya ƙone cikin ɗari da arba'in.

Ƙauye ya yi ta fassara. Wasu suka ce hanci ne ya tsufa, wasu suka ce wani mai dafawa na ƙauyen gaba ne ya yi masa asiri. Masu rake biyu suka janye jiki a hankali, suka ce bana raken kaɗan ne, ba sai an wahalar da shi ba. Shi kuwa ya nemo tasa dabarar. Ya daina shan ruwa. Mutumin da ke wuni a bakin wuta, ya bar koko da safe, ya bar fura da rana, sai dai ya kurkure baki ya zubar. Ya koma sahun baya a masallaci, dab da ƙofa, shi da ya yi shekaru a bayan liman. Ya fara zuba turare, abin da da can sai ranar idi.

Hansai ce ta kawo mini sauran. Ta je gida ta dawo ta ce, "Inna ta ce Baba na karɓar allura."

"Wace allura?"

"Ta mai keken nan da ke zuwa ranar kasuwa. Goma sha huɗu ya yi. Wai ta ciwon sanyi." Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Inna ta ce ya rantse mata shi bai san wata mace ba sai ita, amma ya ce wa zai yarda."

Nan na gane abin da ya ɗaure shi. A wurinmu a lokacin, dattijo in fitsari ya gagare shi abu ɗaya ake kawowa: ya yi yawon banza da ƙuruciya, ga shi ya biyo shi. Baba Sanda ya gwammace a ce hancinsa ya mutu da a ce haka.

Ban zauna ba. Akwai wani malamin asibiti a Malumfashi da na taɓa auna wa gona. Na hau babur na same shi, na ce wani manomina ne, na fara karanta masa layukana. Bai bari na gama ba. Ya karɓi alƙalamina ya zana mini a bayan takardar taki: ga mafitsara, ga hanyar fitsari, ga wata 'yar tsoka kamar goro da ta zagaye hanyar daidai wuyan mafitsara. Kowane namiji na da ita, likitoci na ce mata furostet. In shekaru sun ja takan kumbura ta shaƙe hanya, kamar ka taka tiyon ban-ruwa. Ba ruwanta da bin mata, liman ma tana kama shi. Ya ce barin shan ruwa ƙara ɓata abin yake yi, wata rana hanyar za ta toshe gaba ɗaya, in kuma aka daɗe fitsari na taruwa yana komawa baya, ƙoda ce ke tafiya.

"Kawo shi," in ji shi. "Kada ka bari bana ta wuce."

Kawo shi! Faɗa da sauƙi. 'Ya'yan Baba maza biyu ne: babban ɗan fari ne, ko sunansa Baba ba ya kamawa, ƙaramin kuma soja ne a Kudu. Ni na je har sau uku da niyya. Na farko na tsuguna, muka yi kalmominmu goma sha ɗaya, na buɗe baki sai na ji ina bayanin tazarar shuka masara. Minti ashirin da biyar ina yi wa mutumin da ba shi da gonar masara lacca. Ya saurare ni har ƙarshe ya ce, "Allah ya yi albarka, Malam." Na biyu da na uku ko masarar ban samu ba. Na ce wa Hansai ta gaya wa Inna ta gaya masa.

"Inna ta gwada," in ji ta. "Kwana biyu bai ci tuwonta ba. Kai da ka yi boko ka faɗa mana."

Na ce boko bai kai mu wannan shafin ba.

Da kakar 1980 na shiga shagon Raufu neman wani ƙarfe na famfon feshi. Ya tambaye ni lafiyar bawansa. Ban san sa'ad da na fito da littafin ba. Ya sa tabarau ya bi layukan da yatsa.

"Malamin gona, wannan duk fitsarin surukinka ne ka rubuta a littafin gwamnati?"

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya leƙa waje, ya dawo ya ɗaga rigarsa, ya sassauta mazagi kaɗan. Tabo ne a ƙasan cibiya, ya fi tsawon yatsana.

"Shekara huɗu ke nan, a Zariya," ya ce. "Duk Funtua sun ɗauka Offa na tafi biki. Har wannan Bagobirin ban gaya masa ba." Ya saki rigar, dariya ta ɗauke. "Ka ga laifina ke nan. Da na faɗa, da ya san inda zai kai kukansa."

Na ce to ya shirya gobe mu je ya yi masa magana. Ya girgiza kai.

"In na je da fuskar nasiha zai ce lafiyarsa lau, ya zage ni, in dawo. Na san kayana. Yaushe cika-ciki?"

Na lissafa a yatsa, saura kwana talatin da takwas.

"To Allah ya kai mu," in ji shi, "ya kai shi."

Kwanakin nan ban ji daɗinsu ba. Kullum sai na bi ta Tudun Kaba ko ba ni da aiki, in ga dai yana tsaye da ƙafarsa, in cire ɗaya a lissafi.

Goma ga wata ta faɗo a satin farko na matsar rake. Ko hantsi bai yi ba an ɗaura doki, kasko na farko ya fara zafi. Baba Sanda ya san ranar, tun da ya fito yake waigen hanyar mota don ya riga kama hannu. Bai san Raufu ya bar motar a bayan tudu ya zagayo da ƙafa ta cikin fadama ba, laka har gwiwa, dattijo mai shekara sittin da wani abu. Ya laɓe daidai inda na kwatanta masa. Baba na fitowa daga bayan rake da buta, caraf ya cafke wuyan hannunsa.

"Na kama! Jama'a ku shaida, na kama bawana!"

Fili ya kaure da dariya, har mai korar doki ya tsaya.

"Ɓarawo ta bayan gida," in ji Baba Sanda. "Dama ba ku taɓa zuwa ta ƙofa ba. Faɗi, guda nawa?"

"Mazarƙwailarka? Ta bara da ka ba ni na kai wa maƙeri, ya ce gawayin ya yi kyau, a ƙaro."

Dariyar ta yi sanyi, don kowa ya san inda maganar ta taɓa. Na ga fuskar Baba ta canza.

"Bana kai nake so," in ji Raufu. "Wuni ɗaya. Ina da kaya a Funtua, ba ni da mai ɗauka. Wuce mu je mota."

"Kasko na kan wuta."

"Shekara talatin muna wannan wasa, na taɓa ce maka manja ya ƙare? In ka fasa, faɗa a gaban mutane cewa Gobirawa sun gudu daga shara, in kama hanyata."

Baba ya dubi kasko, ya dubi mutane. Ya ajiye butar, ya sake ɗauka. Sannan ya ce, "A miƙo mini hulata."

Abin da aka yi a motar, Raufu ne ya ba ni labari, sau da yawa, kowane karo da ɗan ƙari, amma gindin maganar bai taɓa canzawa ba. Ni dai abin da na gani, don na bi su a babur daga nesa, motar ta tsaya sau biyar kafin Funtua, kuma duk tsayawa Raufu ne ke fara fita da buta kamar shi abin ya matsa. A ta huɗu suka daɗe. Wai da Baba ya dawo ya zauna, Raufu bai tayar da mota ba, ya ce:

"Minti nawa kake yi kana lallashinsa ya fito?"

Baba ya kawar da kai, Raufu ya ci gaba:

"Ya zo kamar zare, ya tsaya, ya ɗiga. Ka tashi ka ɗaura wando, sai ya biyo ka. Ka ji kamar ba ka yi komai ba."

"Wa ya gaya maka?"

"Wa zai gaya mini? Ni na yi shekara uku a haka." Ya ɗaga riga.

Baba ya daɗe yana kallon tabon. Sannan a hankali ya ce, "Ku dai an san ku da yawo."

"Wane yawo! Ni da matata Sekinat tun ba mu san hagu da dama ba aka haɗa mu. Ba ciwon mata ba ne, ɗan Gobir, ciwon furfura ne. Ka zauna an yi ta huda ka da allurar 'yan iska a banza."

Wai sai ga hawaye a idon Baba. Raufu ya ce fita ya yi ya kama goge gilashin mota, gilashin da ba abin da ya same shi, har aka gama. Da ya dawo Baba ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "In an yanka mutum, yana nan a namijinsa?"

"Je ka tambayi Sekinat ko ta kai ƙara wurin alƙali. Haihuwa ce dai likita ya ce kada in ƙara sa rai. Ni kuwa tara gare ni, na goman kai zan ba riƙo?"

"Allah ya kiyaye in riƙe ɗan Bayarabe."

"To gyara zama mu tafi. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa."

A asibitin Funtua ban shiga ba, gindin dalbejiya na tsaya. Likita ya danna marar Baba ya ji ta kamar ganga, ya duba shi da yatsa ta baya, abin da Raufu ya riga ya shirya shi a kai da cewa ranar wanka ba a ɓoye cibi. Aka sa masa robar fitsari. Mutumin da ya tsuguna sau biyar a hanya, aka fitar da lita ɗaya da rabi daga cikinsa. Sai da na roƙi mai jinya ta nuna mini a jikin kwalbar na yarda. Likitan ya ce da an ƙara wata biyu ko uku, da wata maganar ake yi. Ya rubuta takarda zuwa Zariya.

Sati uku ya yi a gida da roba da jaka a ƙarƙashin babbar riga kafin ranar aiki ta zo. A Zariya aka ce a kawo jini kwalba biyu. Raufu ya naɗe hannun riga, aka tambayi shekarunsa aka ce ya sauke. Ni na ba da ɗaya, wani abokin aikina ya ba da ɗaya. To amma da wane baki za a ce wa Baba jinin mijin 'yarsa ke yawo a jikinsa? Raufu ya ce in bar masa. Baba na farfaɗowa, abin da ya fara ji shi ne:

"Sannu, ɗan Offa. Kwalba biyu na zuba maka, yanzu rabinka Bayarabe ne."

Baba ya lumshe ido. "Shi ya sa nake jin kwaɗayin barkono."

Kwana goma sha shida ya yi a gado. Abin da aka ciro Raufu ya gani, ya ce ya kai ƙwan agwagwa. Aka aika a duba shi, don likita ya ce wani kumburin na tsufa ne kawai, wani kuma ciwon daji ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba. Kwana ashirin da uku muka jira. Ba daji ba ne.

An hana shi aiki wata biyu, don haka sai ƙarshen Fabrairun 1981 ya koma bakin kasko. Saura raken mutum ɗaya a fadama, ɗaya daga cikin biyun da suka janye, kuma da ƙafarsa ya kawo goro. Baba ya sha koko kwano guda a gaban kowa, ya ɗauki ludayi. Ina gindin giginya da agogona. Awa uku da minti arba'in bai matsa daga inda yake ba. Sai na ga ya ɗaga hanci.

"Janye wuta."

Kwano casa'in da huɗu, ja-wur, tana ƙyalli. Wani ɗan sari daga Malumfashi ya gutsura ya ce, "Ashe hancin na nan."

Da zan tafi na je na tsuguna sallama. Ya ce, "Malam."

"Na'am, Baba."

"A ce wa yarinyar nan ta riƙa yi maka kwaɗon zogale. An ce yana mayar da jini."

Ban ɗago ba, bai ƙara ba. Har ya bar duniya a gaban mutane jinin na Raufu ne.

Rani takwas ya ƙara yi a bakin kasko. Abin da ban yi tsammani ba shi ne dattawan da suka fara zuwa fili, su tsaya kamar masu sayen mazarƙwaila, su ƙi saye, su jira a watse. Baba ba ya jira a watse. Sai ya ce da ƙarfi, "Wane, in buta ce ta dame ka, ciwon furfura ne, nawa an cire. Jibi akwai mota." Mutumin da ya yi shekara biyu yana kurkure baki yana zubarwa don kada a sani! Na ƙirga mutum goma sha ɗaya daga ƙauyuka biyar da ya raka ko ya tura. Tara sun dawo gonakinsu. Biyu aka ce daji ne, ɗaya daga cikinsu ya je a makare.

Ya rasu da daminar 1989, zazzaɓin kwana huɗu. Raufu ya zo zaman makoki da sanda, ya zauna a bakin zaure ya ce, "Bawana ya tsere." Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai yi ba.

Yanzu doki ya bar fadama, injin mai ƙara ne ke matsa, giginyar ma an sare ta. Ni kaina na shiga sahun masu furfura: ƙwaya ɗaya kullum, shekara shida ke nan, da gwajin jini sau ɗaya a shekara. Da yawa yau ba a ma tsaga musu ciki, ta hanyar fitsari ake bi da na'ura a rage tsokar, kwana biyu ko uku a sallame ka. In daji ne aka gano shi da wuri, akwai tiyata, akwai gashi da na'ura, akwai allurar da ke karya masa ƙarfi, wani ma sa ido kawai likita zai yi ta yi. Duk wannan ya zo, alhamdulillahi. Bakin da zai gaya wa dattijo ne har yau ba a ƙera ba. A layinmu kaɗai na san mutum huɗu da 'ya'yansu ke kallo suna kawar da kai.

Don haka ga roƙona. In akwai dattijo a gidanku da ka ga alamar, kai kuma bakinka ba zai iya ba, kada ka zauna jiran ƙarfin hali, ba zai zo ba. Zauna ka lissafa waɗanda ke iya tsokanarsa ya yi dariya: taubashinsa ne, jikarsa ce mai ce masa mijina, ko wani tsohon abokin kasuwa. Ɗauki ɗaya, ka je ka same shi cikin satin nan, ka gaya masa abin da idonka ya gani, ka bar masa sauran. Don Allah ka gwada.